Idonka Garau Yake, Baba

A cikin dukan maganganun da na taɓa furtawa, babu wadda take hana ni barci kamar wata gajeruwar jimla da na faɗa wa mahaifina a daminar shekarar 2021. Ban faɗe ta da mugun nufi ba. Don hankalinsa ya kwanta na faɗe ta, kuma ya kwanta ɗin. Abin da ya sa take damuna har yau ke nan.

Mahaifina alaramma ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ajingi. Da damina manomi ne, da rani kuwa sai ya zauna a zaure yana rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa. Daga Gaya har Dutse ana zuwa neman rubutunsa, domin alunsa, wato harafin alif, a miƙe yake kamar an ja shi da zare. A wannan shekara ina aji uku a Jami'ar Bayero ta Kano, na zo gida hutu. Wata rana bayan magariba ya kira ni.

"Kai ɗan boko, zo ka duba mini idon nan na hagu. Kwana uku ke nan ina ganin walƙiya ko ina cikin ɗaka, ga wasu ƙudaje suna yawo a gabana, na kore su sun ƙi tafiya."

Na kunna fitilar wayata, na haska. Babu ja, babu kwantsa, babu yana. Na miƙe da irin taƙamar ɗalibin da aka nemi fatawarsa, na ce, "Idonka garau yake, Baba. Gajiya ce kawai."

A garinmu ciwon idon da muka sani shi ne wanda ake gani. Mun san yana saboda farin da take shimfiɗawa a baƙin ido, mun san afolo saboda jan da yake kawowa. Idan kuwa mutum ya ce ganinsa yana tafiya, aka duba aka tarar da ido tas, sai a koma zancen tsufa, ko iska, ko hannun maƙiya. Bayan mako guda Baba ya ce wata inuwa ta fara cin gefen ganinsa. Aka sa tozali, aka ɗiga zuma, aka yi tofi. Da aka ambaci asibiti, sai aka ce a bari a yi girbi, tunda idon ba ya ciwo. Kafin gero ya shiga rumbu, idon hagu ya mutu. Baba ya ce ido ɗaya ma rabo ne, ya ci gaba da rubutunsa.

Sai a shekarata ta ƙarshe a jami'a, a ɗakin karatu, na gane abin da na aikata. Na karanta cewa a bangon ciki na bayan ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina, shi ne yake karɓar haske ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin idon kuma cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. Idan shekaru suka ja, ruwan nan yakan tsuke ya janye, wani lokaci ya fizgi tantanin har ya yage. Fizgar ce mutum yake gani kamar walƙiya, ɗigon jini da tarkacen da ke biyo baya su ne ƙudajen. Daga nan ruwa ya bi ta ɓarakar ya shiga bayan tantanin ya ɗaga shi, kamar yadda ruwan sama ke shiga bayan yaɓe ya raba shi da bango. Wannan ita ce inuwar. Tantanin ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa yake salwanta shiru. Walƙiya, ƙudaje, inuwa: alamomi uku a jere a shafin littafi, yadda Baba ya lissafa su. A ranar da na haska shi da waya, mai yiwuwa aikin 'yan mintuna da hasken leza ya isa ya toshe ɓarakar. Na rufe littafin, na daɗe ban tashi ba.

A watan Fabrairun 2024 ina koyarwa a Gaya, Inna ta kira ni da dare. Ta ce walƙiyar nan ta dawo, wannan karon a idon dama, kuma kwana huɗu ke nan Malam yana ɓoyewa don kada ya tayar mana da hankali. Na hau babur a daren. Na tarar da shi zaune, ya ce inuwar daga ƙasa take tasowa kamar ruwa yana cika kwatarniya. Ban kunna fitila ba. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, da asuba za mu Kano."

Muka bi ta Gaya, muka haye gadar Wudil rana tana fitowa. A asibitin ido aka ɗiga masa maganin da ke buɗe baƙin ido, likita ta ɗaura fitila a goshi ta leƙa da gilashi. Daga baya na san cewa tun 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin da ya fara ba ɗan Adam damar leƙa cikin idon mai rai. Shekara ɗari da saba'in ke nan cif kafin ni in tsaya a zaurenmu ina yanke hukunci da fitilar waya.

Aka ɗauki hoton cikin idon, aka nuna mana a kwamfuta. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro irinsa ba: fili ja-ja kamar faɗuwar rana, jijiyoyin jini sun bazu kamar rassan kuka, daga sama kuma wani ɓangare ya kumbura ya yi toka-toka. Na ce, "Likita, ai shi daga ƙasa yake ganin inuwar." Ta ce ido a kife yake karɓar hoto, abin da ya lalace a sama a ƙasa ake ganinsa, kuma na sama ya fi saurin gangarowa. Sai aka kai shi na'urar OCT, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1991. Ba ta taɓa ido ba, da haske kawai ta nuna kaurin tantanin hawa-hawa kamar an yanka albasa. A nan aka ga ruwa ya fara shiga ƙarƙashin cibiyar gani, ɗan wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi. Idon hagu kuwa da sikanin aka duba shi. Tantanin ya naɗe ya ƙanƙance kamar mazurari. Likita ta ce, "Baba, wannan sai haƙuri. Na dama za mu yi wa gaggawa." Ba ta tambayi wanda ya fara duba na hagun ba, ni kuma na sunkuyar da kai.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ita ce gaskiyar da wani likitan Suwizalan, Jules Gonin, ya tabbatar a shekarun 1920: a nemo ɓarakar a toshe ta, tantanin zai koma ya kwanta. Kafin shi, wanda wannan ciwo ya kama kusan makanta ce makomarsa. A farkon shekarun 1970 kuma Robert Machemer ya buɗe hanyar shiga cikin ido a kwashe ruwan nan mai kauri. Aikin da aka yi wa Baba ke nan. Aka huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido, aka zuƙe ruwan, aka kwantar da tantanin, aka kewaye ɓarakar da leza, sannan aka cika idon da wata iska ta musamman don ta danne wurin har ya kame. Kuɗin aikin ya fi ƙarfinmu. Kawuna ya ranta mana a ranar, ranar Juma'a kuma aka kai shanun huɗarmu biyu kasuwar Wudil.

Kwanakin farko Baba ya yi su kansa a sunkuye, yadda likita ta umarta, goshi a kan matashi, yana tilawa a hankali. Ina zaune kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na ce maka idonka garau yake." Bai ɗago ba, domin an hana shi. Ya ce, "Abin da idonka ya gani ka faɗa. Laifinka ɗaya, ba ka ce ban sani ba."

Makonni suka wuce, iskar tana raguwa, yana ganinta kamar baƙar ƙwallo tana rawa a ƙasan ganinsa, har ta ɓace. Gani ya dawo, amma ba duka ba. Ruwan da ya taɓa cibiyar gani ya bar tabo: duk layin da yake miƙe, shi a ɗan lanƙwashe yake ganinsa. Da mun zo kwana huɗu kafin nan, wataƙila da ba haka ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata. Yana ce kan gaba, shi ya sa ayarin aikin ido kyauta da ke zuwa yankinmu suka fi mayar da hankali a kanta, kuma sun kyauta. Amma ciwon bayan ido ba ya jiran ayari. Kano tana da asibitin ido na ECWA tun 1943, Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa, sai dai likitocin tantanin ido kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Abin da Gaya da Ajingi suke buƙata bai kai ɗakin tiyata ba: ma'aikacin lafiya da ya san alamomin nan uku, ya iya buɗe ido ya leƙa, da kyamarar da za ta ɗauki hoto a tura wa ƙwararre ta waya a ranar. Ni dai kowane zango nakan ware darasi guda in koya wa ɗalibaina su, in ce su kai wa iyayensu.

Baba ya koma zaure. Rubutunsa ya ƙara girma, shafin da yake gamawa kafin azahar yanzu yakan kai shi la'asar. Idan na je gida yakan miƙo mini takarda ya ce, "Duba mini alun nan, ni a karkace nake ganinsa." In duba in tarar da shi a miƙe, domin hannun ya riga ya san hanya. A ranin da ya wuce wani maƙwabcinmu ya shigo yana cewa yana ganin ƙudaje, amma 'ya'yansa sun duba sun ce babu komai. Baba ya ajiye alƙalami, ya lalubi aljihu ya fito da kuɗin mota. Ya ce, "Tashi yanzu, kada ka jira gobe. Wanda ba a ganin nan shi ne mugun."