Gozaki: Rumbun Hatsi Da Rumbun Wuta

Gozaki gari ne a ƙaramar hukumar Kafur, a kudancin jihar Katsina, cikin ƙasar noman nan da ta miƙe daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Ba jiya aka kafa shi ba. Masana tarihi irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello sun lissafa shi tare da Maska cikin tsofaffin garuruwan kudancin ƙasar Katsina, yankin da ya yi suna wajen auduga. Yau masara da dawa da waken suya ne suka fi cika ido. Mu huɗu muka je can a hutun makaranta, cikin watan Janairu, muka sauka gidan su wani abokin karatunmu. An gama kaka, gonaki sun koma kara, hazo kuma ya sauko har mutum na iya kallon rana ido da ido.

Bayan rumbuna, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne farantan sola a kan kwanon wasu shaguna da gidaje. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A watan Oktoba na 2024 kuwa, manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai cajin waya ko mai sayar da ruwan sanyi ba zai zauna jira ba.

A shagon wani mai cajin waya, yayan abokin namu, muka fi daɗewa. Ba shi da wayar NEPA ko ɗaya. Faranti huɗu ne a saman shagon, kowanne wat 300, suna fuskantar kudu, an ɗan karkata su. Daga can wayoyi suka sauko cikin wani ɗan akwati da ake kira kwantirola, mai hana batir cika ya wuce kima, sai batura biyu a kan katako, sai inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin wadda firiza da fanka ke sha. Mun zaci farantan zai yi mana alfahari da su. Ko kallon sama bai yi ba.

"Ƙannena, rana kyauta ce," in ji shi. "Dare ake saya. Ga inda kuɗin masarata ya kwanta." Ya nuna baturan da ƙafa.

To, ƙannenmu na sakandare, ku ɗauko biro, don wannan lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. A jikin kowane batir an rubuta bolt 12 da amfiya 200. In an ninka, ya ba da 2,400, wato wutar da za ta riƙe abu mai shan wat 2,400 na awa guda, ko mai shan wat 100 na awa 24. Batura biyu, 4,800 ke nan. Sai dai irin wannan batir mai dalma da ruwan asid ba a kwashe shi har gindi. Rabi ake ɗiba a bar rabi, in ana so ya yi shekaru. Ashe abin da Yaya ke da shi a kowane dare 2,400 ne kawai, inbata ma tana cin nata kason a ciki. Babbar waya tana cika da kamar 15. Ƙwan fitila mai wat 10 zai kwana yana ci bai taɓa komai ba. Amma dutsen guga mai wat 1,000, in aka jona shi bayan isha'i, awa biyu ya kusa cinye kason daren gaba ɗaya. Shi ya sa a shagon nan guga da rana ake yi, ko a koma wa na gawayi.

Bamanomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Wanda ya san ba a buɗe rumbu a ci har iri, ya san batir. Yaya ya ba mu labarin wani gida da aka haɗa irin nasa rana ɗaya, ana kallon ƙwallo da finafinai har sai inbata ta yi ƙara ta mutu da kanta, kullum haka. Ba a rufa shekara ba baturan suka daina riƙe wuta, ga shi an riga an sayar da hatsin da aka saye su da shi. Farantan suna nan lafiya lau a kan rufi, amma gidan sun koma tocila da zarar an yi magariba.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce ta firiza. Da hantsi yake kunna ta, lokacin da farantan ke kawo wuta fiye da abin da batura za su iya sha, ya kashe ta da la'asar, ya hana kowa yawan buɗewa. Ƙanƙarar da ta daskare da rana ita ke riƙe sanyin har safiya. Ɗayanmu mai karatun injiniya ya ce ai ita ma ƙanƙarar batir ce, sanyi take ajiyewa maimakon wuta. Yaya ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ka sa mata suna, ni dai zoɓona ya kwana da sanyi."

Kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ce: hazo ya rage hasken tun daga sama, wadda ta kwanta kan gilashin ta ƙara ragewa. Duk bayan kwana biyu ƙaninsa ke hawa da bokiti da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Da bazara mutum zai ɗauka nan ne kakar sola, amma faranti haske yake so, ba zafi ba. In ya gasu sai wutarsa ta ragu, batir kuma zafi na rage masa kwana, ruwansa na saurin ƙonewa. Tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ba, don gishirin da ke cikin ruwan rijiya na lalata shi. Cikin Agusta kuwa, in marka ta kama kwana uku ba rana, firiza ce ta farko da ake hutarwa, caji ya ci gaba, tunda shi ke kawo kuɗin cefane.

Abu guda bai yi mana daɗi ba. A bakin wani shago mun ga mataccen batir a fashe, yara na wasa kusa da shi. Dalma ce a ciki. Gubar dalma, wadda ta fito daga haƙar zinariya, ita ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ta cikin batir ba ta fi waccan sauƙi ba. In akwai irinsa a gidanku, kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida. A kai wa masu sayen tsoffin batura yadda yake. Mai rai ma ba a kwana ɗaki ɗaya da shi a rufe, don yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji.

Mun tambayi Yaya batun batir na litiyam, wanda ake iya ɗibar kusan kashi 80 cikin 100 na wutarsa, ba ruwan da ake ƙara masa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ya san shi sarai, har ya taya a Funtuwa. Kuɗinsa ne a tashi ɗaya ya fi ƙarfinsa. Ya ce ya ware gona guda ta waken suya saboda shi, in damina mai zuwa ta yi kyau, in kuma farashi bai sake gudu ba kafin kaka.