Kwaɗon Da Ya Koya Mini Siffantawa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Ni kuwa sai da na shiga aji biyu a jami'a kafin na gane cewa ganin ma sai an koya.

Ni ɗan Mubi ne, kuma da harshen Gude na buɗe baki. Hausa a kasuwa da makaranta na tsince ta. Shi ya sa har gobe nakan kuskure in ce "mace ya zo", aji ya fashe da dariya. Ranar da malaminmu ya ba mu jingar hutu, cewa kowa ya zaɓi abu guda ya siffanta shi a shafi ɗaya, gabana ya faɗi. Dama na fara tunanin sauya sashe, don a ganina Hausar nan sai wanda ya sha ta a nono.

Hutun ya faɗo a watan Maris, lokacin da zafin Mubi ke kan ganiyarsa. Wata rana da azahar ina lambun kawuna a bakin Kogin Yedzaram, sai na hangi wani abu fari fat manne a jikin karan ciyawa. Na ɗauka kashin tsuntsu ne. Da na matsa kusa, sai na ga yana da idanu. Ashe kwaɗo ne, ɗan mitsitsi, a tsakiyar rana, a saman ciyawa! Na tambayi kawu sunansa da Hausa, ya ce, "Ɗana, kwaɗo dai kwaɗo ne." Na duba ƙamusun da ke jakata, na tarar da kwaɗo da burduddugi, amma ban tarar da nawa ba. Tunda suna ya gagara, sai na ɗauko biro na shiga rubuta abin da idona ya gani.

Tsawonsa bai wuce santimita 2 ba, wato bai cika gaɓar babban yatsa ba. Fatarsa sumul take, babu ƙuraje irin na kwaɗon da ke shiga ɗakunanmu da damina. Bayansa fari ne kamar an shafa alli. Ya naɗe hannuwa da ƙafafu a ƙarƙashin ciki, ya lafe a jikin karan, har ba ka iya gane inda ƙafa ta fara. Da na taɓa shi da tsinke, ya yi tsalle ya koma wani karan, a nan na ga abin da ya ɓoye: cikin cinyoyinsa da tafin ƙafafunsa ja ne wur. Yatsun hannu huɗu ne, na ƙafa biyar, kowane da ɗan faifai a bakinsa, kuma da su yake mannewa. Tsakanin yatsun ƙafa akwai fata irin ta agwagwa.

Na aika wa wata abokiyar karatu da ke sashen ilimin halittu hotonsa ta waya. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Baƙin idonsa a kwance yake ko a tsaye?" Na buɗa hoton da kyau. A kwance yake, kamar na akuya. Ta ce wannan ce babbar alamar dangin Hyperolius, domin makusantansu masu hawa ciyawa da bishiya, irin su Afrixalus da Leptopelis, nasu a tsaye yake kamar na kyanwa. Ta ce siffofin nawa sun dace da Hyperolius nitidulus, wanda ake samu a dazukan ciyawa tun daga Gini har Kamaru. Wani Bajamushe, Wilhelm Peters, ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1875.

Daga wurinta na ji dalilin farin. Manyan sukan mutu idan damina ta wuce, ƙananan ne ke cinye rani manne a ciyawa, ba ci ba sha. A cikin fatarsu akwai ƙananan ƙwayoyin wani sinadari masu mayar da hasken rana kamar madubi, shi ya sa zafi ba ya gasa su. Naɗe ƙafafun kuma dabarar tattalin ruwan jiki ce. Jikina ya yi sanyi, don tsallen da na sa shi ya yi asarar ruwa ce gare shi. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Da na mayar da jinga, Malam ya ja jan biro a wurare uku, duk kuskuren jinsi ne. Amma a ƙasa ya rubuta cewa ko a ina ya haɗu da wannan kwaɗo zai gane shi. Ya sa na karanta a gaban aji. Cikin waɗanda suka sha Hausa a nono babu wanda ya kawo masa suna, kuma babu wanda ya yi dariya.

A watan Yuli na koma bakin kogin da tocila. Farin ya tafi, sun koma ruwan ƙasa, sun kai kusan santimita 3. Mazan na hura maƙogwaro ruwan ɗorawa, suna wani kuka gajere kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Tun ina yaro nake jin wannan ƙara, ban taɓa tambayar mai ita ba.

Don haka 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ta zo musu daga baya irina, kada rashin kalma ɗaya ya sa ku ajiye biro. Ku ƙura wa abin ido, ku auna, ku ƙirga, ku kwatanta shi da abin da kowa ya sani. Ni dai ina nan a sashen Hausa, kuma har yanzu ina fama da "ya" da "ta".