Safiyar Asabar a filin wasa na Surulere

Ƙarfe shida da rabi ƙanwata ta fito da ni daga Idi-Araba zuwa babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, a Legas. Ba da son raina na je ba. Likita ya daɗe yana min faɗa kan hawan jini, ni kuma gwiwata ko bene na hau sai ta yi ƙara.

Filin da ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973 ya tsufa, fentinsa ya koɗe. Amma harabarsa cike take da masu gudu da 'yan dambe da masu motsa jiki rukuni-rukuni, kowane da kiɗansa. Muka shiga sahun baya na wani rukuni, ni da doguwar riga da hijabi, babu wanda ya kalle ni sau biyu.

Mai horarwar nake ta kallo. Ba ya bari sabon motsi ya zo wa mutane ba zato. Ana cikin wani, sai ya ɗaga yatsu huɗu ya fara ƙirgawa baya, kafin ya kai ɗaya ya riga ya nuna inda za a juya. Da yake kiɗa ya fi ƙarfin muryarsa, hannu ne ke yin yawancin maganar. Yana fuskantarmu ne, don haka in ya ce dama sai ya ɗaga hagunsa, mu bi shi kamar madubi. Na daɗe kafin na gano wannan dabara.

Da aka zo tsalle na tsaya cak. Bai tsayar da kowa saboda ni ba. Ya taho ta gefena yana ci gaba da ƙirga, ya ce, "Alhaja, ki taka kawai, ban da tsalle, kada ki riƙe numfashi." Can ya tambaye ni sunan unguwarmu. Daga baya ƙanwata ta ce gwaji ne: wanda ya kasa amsawa don haki, ya wuce ƙarfinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Na yi 40 ranar nan. Muka sayi ruwa a bakin ƙofa, muka nemi motar komawa gida.