Masu kiwon murjani suna awon ruwansu sau huɗu a yini

Murjanin da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata halitta ne ta cikin teku. Na asalin, ja ɗin nan, daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa kasuwanninmu. Yana da ƴan uwa iri-iri a tekuna masu ɗumi, waɗanda ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kuma a Amurka da Jamus da wasu ƙasashe akwai mutanen da suka mai da kiwon su abin sha'awa, kamar yadda wani a nan ke kiwon tattabaru a bayan ɗaki. Akwatin gilashi a tsakiyar falo, ruwan gishiri da aka haɗa da hannu, fitila mai shuɗin haske, murjani yana tsiro a ciki kamar shuka. Ni da nake koyar da kimiyya a wata kwalejin ƙauye a gundumar Magarya, na'urar da suke ajiyewa a gefen akwatin ita ce ta tsaya mini a rai.

Na'urorin suna da sunaye: Trident ta kamfanin Neptune Systems na Amurka, KH Director ta kamfanin GHL na Jamus, akwai kuma Alkatronic. Aikinsu kusan guda ne. Wani ɗan famfo ya zuƙo ruwa kaɗan daga akwatin, wani ya riƙa ɗiga masa asid mai sanannen ƙarfi, ɗigo bayan ɗigo, har ruwan ya sallama ya koma tsami. Na'urar ta lissafa yawan asid ɗin da ruwan ya cinye kafin ya sallama, ta rubuta lamba, ta aika wa mai ita a waya. Trident sau huɗu take yin haka a yini, dare da rana, ko mai gidan yana barci ko ya yi tafiya. Kuɗin guda ɗaya ɗaruruwan dalolin Amurka ne, ban da kuɗin sinadarin da take sha.

Abin da suke aunawa shi ne alkaliniti. A aji nakan kira shi ƙarfin kanwar ruwa, domin sinadaran da ke ba ruwa wannan ƙarfi, bikabonet da kabonet, su ne dai suka fi yawa a cikin kanwar da uwargida ke jefawa a tukunyar wake. Matsa lemun tsami a kan gutsuren kanwa ka ga kumfar da za ta tashi: kanwa ce ke haɗiye tsami. Ɗalibai kan rikita wannan da ma'aunin pH, har ma wasu malamai. Ga yadda nake raba musu. Ma'aunin pH yana gaya maka halin da ruwa ke ciki yanzu, kamar tuwon da ke cikin akushi daren yau. Alkaliniti kuwa hatsin da ke cikin rumbu ne. Gida biyu na iya cin tuwo iri ɗaya yau, amma idan fari ya zo, mai rumbu shi zai kai kaka. Haka ruwa biyu na iya nuna pH ɗaya, ɗaya ya juye da ɗigon tsami uku, ɗaya ya sha talatin bai motsa ba.

Murjani yana ɗibar kabonet daga ruwa ya haɗa da kalsiyam ya gina ƙashinsa, don haka rumbun akwatin kullum raguwa yake. Ruwan teku yana wajen 7 a ma'aunin da suke kira dKH, masu kiwon kuma suna riƙe nasu tsakanin 7 da 11. Kowane dKH ɗaya daidai yake da kimanin miligiram 18 a lita. Idan lamba ta sauka sai wani famfo ya zuba musu garin sodiyam bikabonet ko sodiyam kabonet da aka narkar. Da na karanta wannan sai da na yi dariya. Kanwa ce fa, an tace ta daga yashi da gishiri an zuba a gwangwani mai tsada, ƴar uwar wadda ake kawowa daga ƙasar Manga buhu-buhu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Darasin da masu kiwon nan suka koya da asarar kuɗinsu shi ne lamba guda ba ta da wani labari. Murjani na rayuwa lafiya a 7, yana rayuwa lafiya a 9, amma idan ruwa ya faɗo daga 9 zuwa 7 a kwana ɗaya yana iya fara saɓule fata ya mutu. Shi ya sa suka sayi na'ura. Suna son layin da lambobi ke zanawa a mako da wata, su ga inda ya dosa tun kafin ido ya ga ɓarna.

To mu dawo gida. Ƙasar Magarya da Dungas tana cikin kwarin Korama, inda ruwa ke kusa da ƙafa. A wasu fadamu gaba biyu ko uku ka haƙa ka same shi, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu suka samu wurin zama, daga Bande zuwa Wacha har Guchi. Ruwan da ke kusa da sama haka ba ya zama a hali ɗaya. Damina ta wata uku zuwa huɗu ta cika tafkuna da ruwan sama mara gishiri, sannan rana da iskar hunturu su shafe sauran shekara suna shanye ruwan, su bar gishiri da kanwa a baya. Duk wanda ya bi gefen tafki a bazara ya ga farin ɓawon da ke fitowa a kan ƙasa, wanda dabbobi ke lasa. Rijiyar da ke kusa da irin wannan wuri, ruwanta na Satumba da ruwanta na Mayu ba abu ɗaya ba ne, ko da guga ɗaya ce ta jawo su.

Wani zai ce to sai me, ai kakanninmu sun sha sun rayu. Ga inda abin ke taɓa mu yau. Uwa ta ji wa'azin likita, ta sayi ƙwayar Aquatabs ko ruwan jabel ta sa a jarka don kare yara daga gudawa. Kulorin yana rasa kaifinsa idan pH ya yi sama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar ruwan bai kai 8 ba, kuma a bar maganin ya yi aƙalla minti 30. Ruwa mai kanwa sosai na iya wuce nan. Uwar ta yi duk abin da aka ce ta yi, ta biya kuɗinta, amma kariyar da ta samu ba ta kai yadda take zato ba, kuma babu wanda ya taɓa auna ruwan rijiyar unguwarsu balle ya gaya mata.

Sai matasanmu da suka shiga kiwon tarwada. A tafki ko kwatami mai gansakuka, pH na hawa da rana yayin da tsiron ruwa ke shan iskar kabon, ya sauko da dare. Idan rumbun ruwan fanko ne, ƙasa da miligiram 20 a lita, hawa da saukar kan yi tsanani, kuma lokacin da pH ya yi sama dafin amoniya da ke fita daga kashin kifi ya fi kisa. Yaro ya zuba jarin da ya tara a ci-rani, kifi ya daina ci, a ce masa baki ne ko sammu. Ruwan da ba shi da kanwa ko kaɗan kuma yana cin bututun ƙarfe na famfon tuƙa-tuƙa, shi ne za ka ga guga ta farko da safe ta fito ja.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi ya faru ne a Tibirin Gobir, kusa da Maradi. A 1985 aka haɗa garin da wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci, mutane suka yi murna. Shekaru suka wuce, sai aka fara ganin yara da haƙora masu dabbare-dabbare, wasu ƙafafu sun gwame, wasu ƙasusuwa sun lanƙwashe. Sinadarin fulorayid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita na Hukumar Lafiya ta Duniya sau uku zuwa huɗu. An kwashe wajen shekara 15 ana shan sa. Dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa suka nakasa nakasar da ba ta warkewa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Tafasa ruwa ba ta fitar da fulorayid, sai ma ta ƙara tattara shi. Kuma masana ruwan ƙarƙashin ƙasa sun daɗe da lura cewa ruwan da ya cika sodiyam bikabonet, kalsiyam kaɗan, shi ya fi narkar da fulorayid daga dutse. Awon alkaliniti ba ya maye gurbin awon fulorayid, kada a fahimce ni a baibai. Ƙararrawa ce kawai: idan sabuwar burtsatse ta ba da ruwa mai santsi a hannu, sabulu na kumfa da sauƙi, lambar kanwa kuma ta yi sama, wannan ruwa ne da ya kamata a kai ɗakin bincike kafin a saki yara a kansa.

Lokacin da wani shiri na taimako ya haƙa mana burtsatse a makaranta, na nemi takardar awon ruwan. Daraktanmu ya ce tana wajen ƴan kwangila, ƴan kwangila sun tafi, kwamitin iyaye ba su ma san ana yin irin wannan takarda ba. An yi bikin buɗewa, an sha lemo, an ɗauki hoto. Ko da an yi awon ranar da aka gama haƙa, lamba guda ce ta rana guda, kuma yara za su sha ruwan shekara huɗu kafin su fita.

Ba na'urar Trident nake nema mana ba. Wutar da za ta ci ma ba mu da ita, kuma rijiya ba ta juyawa cikin awa shida kamar akwatin murjani. Sau ɗaya a wata ya ishe mu. Na'urar ba komai take yi ba illa ɗiga, ƙirga, rubuta, kuma ɗan aji biyu na kwaleji ya iya duka ukun. Akwai ƴar kwalbar awo da masu kiwon kifi ke amfani da ita: mililita 5 na ruwa, a riƙa ɗiga sinadari ana girgizawa, launi ya tashi daga shuɗi ya koma rawaya, yawan ɗigon shi ne lambar dKH. Kwalba ɗaya na yin awo da yawa. Takardar awon pH kuma ta fi ta araha.

Inda babu ko wannan, akwai zobo. Jan launin zobo yana sauyawa da halin ruwa. Na sa ɗalibaina suka jiƙa zoborodo, muka jera kofuna masu ruwa daidai wa daida daga burtsatsen makaranta, da rijiyar masallaci, da tafkin bayan gari, muka sa wa kowanne ɗigon zobo kaɗan. Na tafkin ya dushe ya yi duhu-duhu. Sai muka riƙa ɗiga lemun tsami da sirinji muna ƙirgawa har ja ya dawo. Wannan awo ba ya ba da lambar da za a kai wa injiniya, domin lemu ya fi lemu tsami, don haka duk kofunan da ruwan lemu guda ake yi, rana guda. Amma yana jera ruwaye, wane ya fi wane. Muka maimaita bayan damina da kuma tsakiyar bazara, tazarar da ke tsakanin tafki da burtsatse ta buɗe ƙwarai. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ashe shi ya sa waken Inna ke saurin nuna da ruwan rijiyar fadama.” Ban koya mata wannan ba. Littafin darasi ma da Faransanci yake, ba wake a cikinsa.

Abin da ya fi wuya shi ne littafin rubutu ya rayu. Malami ana yi masa canjin wurin aiki, ɗalibai na wucewa, littafi ya ɓace a kabad ko gara ta cinye. Shi ya sa nake ganin ajiyarsa ta koma hannun kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye ke ciki, ɗalibai su yi awo, sakataren kwamiti ya sa hannu. Shafi ɗaya ga kowace rijiya: kwanan wata, ɗigo nawa, pH nawa, launin ruwa, ɗanɗano, da ko an samu yawan gudawa a watan. Ga malaman firamare kuma ƙarin aiki ɗaya da ba ya cin ko dala: duba bakin yara a farkon shekara. Fulorayid yana yin tabonsa ne lokacin da haƙori ke ginuwa a cikin dasashi, wato kafin yaro ya kai wajen shekara 8. Idan yaran unguwa ɗaya, masu shan famfo ɗaya, suka fara fito da sababbin haƙora masu farin alli ko tabo ruwan ƙasa, a rubuta sunan famfon, a kai maganar asibitin gunduma da ofishin ma'aikatar ruwa a rubuce, a riƙe kofi.

Duk gari kuma da aka zo yi wa sabuwar burtsatse, kafin mai gari ya sa hannu a karɓa, iyaye su tambayi takardar awo, su duba ko akwai layin fulorayid da na naitiret a ciki, domin rijiyoyinmu marasa zurfi na kusa da masai da gonakin da ake zuba wa taki. Kofi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a ɗakin shan magani, a kuma ja layi a ƙarƙashin ranar da aka ɗebi ruwan.