Tagar da Ba Ta Motsi

Da tsakar dare zazzaɓi ya rufe 'yata, na ɗauko kwalbar magani don in duba adadin da za a ba ta. Rubutun ya dushe mini. Na matso da kwalbar, abin ya ƙara dagulewa. Sai da na miƙe hannu iya tsawonsa sannan lambobin suka fito. Shekarata 44, ban taɓa sanya tabarau ba, kuma har gobe ina karanta lambar mota daga nesa. Daren nan na tsorata, domin kuskuren lamba ɗaya a maganin yaro ba abin wasa ba ne.

Zargina ya faɗa kan koniya, wato tantanin nan mai garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido kamar gilashin agogo. Ƙarfin ido na tattara haske ya kai kimanin dayofta 60, kuma wajen 43 daga cikinsu nata ne. Tunda ita ke da kaso mafi tsoka, na ɗauka ita ce ke lanƙwasawa idan mutum ya dawo da kallonsa daga nesa zuwa kusa, yanzu kuwa ta gaji.

Likitar ido ta warware mini wannan zato. Koniya kusan ba ta sauya siffa, ko dutse kake hange ko allura kake dubawa. An daɗe da gane haka. A binciken da ya wallafa a 1801, Thomas Young na Ingila ya manna wa idonsa ɗan bututu cike da ruwa, mai gilashi a bakinsa. Ruwa yana kashe mafi yawan ƙarfin koniya, amma duk da haka idonsa ya ci gaba da saita kusa da nesa. Ashe mai aikin yana can ciki.

Shi ne lens, ɗan madubin da ke bayan baƙin ido, inda yanar ido ke tsirowa. Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi a ɗame. Idan aka dubi abu na kusa, tsokar da ke kewaye da shi takan tsuke, zaruruwan su saki, shi kuma ya ƙara kumbura. Lens ɗin yaro laushi gare shi, shi ya sa yake karatu da littafi dab da hanci. Da shekaru sai ya riƙa taurara, bayan 40 kuma abin ya fito fili.

Na koma gida da tabarau na karatu, wanda ke yin kumburin da lens ɗina ya kasa. A hanya na tuna yadda Inna takan miƙo mini allura in zura mata zare, ni kuwa ina dariya a ɓoye. Yanzu tabaran yana zaune a cikin akwatin magani, kusa da cokalin awo.