Ashe Ƙarƙashin Ruwa Ma Unguwa-Unguwa Ne!

Jama'a, ashe ƙasan ruwa ba shimfiɗa ɗaya ba ce! Daga Rigachikun na bi wani dattijon masunci zuwa madatsar ruwa ta Kangimi, a nan ƙaramar hukumarmu ta Igabi, da niyyar in sayi kifi da araha kawai. Muna hawa kwalekwale sai ya zura doguwar gora cikin ruwa.

"Yashi ne nan, ɗana. Kama ka ji." Na kama, na ji ƙaras-ƙaras har tafin hannuna. Ya ce a irin wannan wuri marar zurfi namijin karfasa ke haƙa ɗan rami zagayayye domin ƙwai. Muka ɗan gusa, gorar ta lume, ta fito da baƙin taɓo mai ƙarni. "Gidan tarwaɗa ke nan." Can kuma sai ƙwal! Kututturen icen da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin. Nan ƙananan kifaye ke fakewa, nan kuma raga ke yagewa.

Na ce, "Baba, duk a kanka wannan yake?" Dariya kawai ya yi.

Wallahi tsigar jikina ta tashi, don wannan aikin ne ƙasashe ke zuba maƙudan kuɗi a kansa a teku! Su sauti suke harbawa ƙasa maimakon gora. Yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, ya bugi ƙasa ya dawo. Jinkirinsa shi ke faɗin zurfi, ƙarfinsa kuma ya nuna dutse ne ko laka. Sai a sauke kyamara, a ɗebo samfuri, a zana taswira: nan mahaifar kifi ce, a bar ta; can bututun mai zai iya bi. Irin wannan awon zurfi jirgin sojan ruwanmu NNS Lana ke yi tun zuwansa daga Faransa a 2021. Kuma duk da haka, lokacin da aka fara Seabed 2030, shirin zana taswirar ƙasan teku, a 2017, kashi 6 cikin ɗari na ƙasan tekun duniya kaɗai aka auna da kyau. Zuwa 2024 an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan kusa da mu a Mando. Don Allah malamai, ku ɗauko na'urorinku ku shiga kwalekwalen dattawan nan, a rubuta abin da suka sani tun suna raye.