Wiwin Da Yaranmu Ke Sha Yanzu Ba Irin Na Da Ba Ne



A zaman da muka yi da iyayen unguwa kan shaye-shayen matasa a nan Bulumkutu, an yi ta maimaita wata magana. Wasu dattawa cewa suke yi: "Ai wiwi ne kawai. Mun san masu shansa tun muna samari, ga su nan sun tsufa da hankalinsu." Ba ƙarya suka faɗa ba, mu ma mun san irin waɗannan mutanen. Sai dai abin da yaro ke naɗawa a bayan kango yau, suna kawai ya haɗa shi da na wancan lokacin.

Manomanmu sun san ingantaccen iri. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan Maiduguri ta daɗe tana haɗa irin gero da na alkama domin a samu mai saurin nuna, mai yawan tsaba. To haka wasu suka yi wa wiwi a ƙasashen Turawa. Tun shekarun 1970, a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka riƙa haɗa irin Afganistan da na Kolombiya da na Meziko, har aka fitar da wanda ake kira Skunk saboda tsananin warinsa. Daga wannan sunan aka samo SK da kuke jin yara suna ambata. Manomin gero tsaba yake nema, su kuwa sinadarin da ke bugarwa suke nema, wanda likitoci ke kira THC. Suna noma shi a cikin ɗaki ƙarƙashin fitilu, suna zaɓen mafi ƙarfi suna sake haɗawa, shekara bayan shekara. Wiwin da hukuma ke kamawa a Amurka a 1995 sinadarinsa wajen kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Wasu irin na yanzu sun haura 20.

A Najeriya, dazukan Ondo da Edo da Osun da Delta ne suka fi suna wajen noman wiwi, daga can ake lodo shi zuwa Arewa a ɓoye cikin kaya. Loud kuwa, mai tsadar, yawanci daga waje yake shigowa ta Legas, musamman daga Kanada, wadda ta halatta wiwi a watan Oktoban 2018. Sai Colorado, ko Colos, wanda ya fi ba mu tsoro. Sau da yawa ba ma wiwi ba ne, ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, mai sayarwa kansa bai san abin da ke ciki ba. Danginsa ne Kush, wanda ya sa shugaban Saliyo Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024.

Mene ne illar wannan ƙarfin? Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a biranen Turai da Brazil, ya gano cewa mai shan wiwi mai ƙarfi kullum haɗarin kamuwarsa da taɓin hankali ya kusa ninki biyar na wanda bai taɓa sha ba. Wanda ya fara da ƙuruciya ya fi shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Mu kuma namu yaran ba irin na Landan ba ne. Da yawansu sun taso cikin ƙarar bindiga tun 2009, wasu sun yi gudun hijira da ƙafa, wasu an kashe iyayensu a gabansu. Yaro irin wannan idan ya ce yana sha ne don ya samu barci, mun yarda da shi. Amma a kan wannan raunin ne hayaƙin ke sauka.

Alamomin ba sa ɓuya ga uwar da ke lura: jan ido, yawan ci, barcin rana, kuɗi na ɓacewa a ɗaki. Idan abin ya yi nisa sai zargi ya shigo, ya ce ana binsa, ko an sa masa guba a tuwo, ko ya riƙa magana shi kaɗai. A nan ne gidaje da yawa ke cewa aljanu ne ko sammu. Ba mu hana kowa ruƙiyya ba, addu'a takobin mumini ce. Amma a haɗa da asibiti. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, a cikin garin nan, ba sai an tafi Kaduna ba. Ɗaure yaro da mari a ɗaki ko a tara samari su yi masa duka, ba mu taɓa ganin ya raba kowa da shaye-shaye ba, sai dai ya koya masa ɓoyewa.

Kuma kada kunya ta kashe mu. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Gidan malami yana ciki, gidan ɗan kasuwa yana ciki.

Game da dillalai, matsayinmu daban ne. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da kayan maye, kuma Janar Buba Marwa da aka naɗa shugaban hukumar a Janairun 2021 ya san garin nan, shi ne gwamnan soja na Borno daga 1990 zuwa 1992. Amma jami'i ba zai san wane shago ne ake miƙa ƙullin ta bayan kanta ba sai mu mun faɗa. Mun roƙi bulamomi da limamai su karɓi irin wannan rahoto a asirce, ba tare da an ambaci wanda ya kawo ba.

Duk uwa ko uban da ke son a raka shi da yaronsa asibiti, ya sami ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya bayan sallar La'asar ranar Asabar. Kuɗin mota ƙungiya ce za ta biya, kuma ba za a rubuta sunan kowa a littafin taro ba.